Jawabi a kan koya wa samari da ƴan matanmu wasan kwaikwayo

(Wannan shi ne jawabin da tsohon mushen lakwal, ɗan garin nan, ya yi a babban taron ƙungiya na shekara. Magatakarda ya rubuta shi yadda aka faɗa, don ƴan'uwa da ke nesa su samu su karanta.)

Ranka ya daɗe Maigari. Allah gafarta Malam. Dattawan gari, iyayenmu mata, ƴan'uwa da suka taso daga Kano, da Legas, da Abijan, da Yamai, da Agadas, barkanku da zuwa, barkanku da hanya. Allah ya sa kun baro na can lafiya.

Biron ƙungiya ya umurce ni in yi bayani a kan roƙon da samari suka kawo, wato a yi musu horo na kwana 10 a kan wasan kwaikwayo, wanda ƴan lakwal ke ce wa teyatur. Tun da maganar ta fito na ji abin da ake faɗi a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Wasu sun ce wasan banza ne. Wasu sun ce ba za su bar ƴaƴansu mata su tsaya gaban jama'a ba. Wasu kuma sun ce kuɗin asusu gumin ƴan ci-rani ne, ba a tara shi don dariya ba. Duk wanda ya faɗi haka yana da hujjarsa, kuma zan amsa masa. Amma ku yi mini haƙuri in fara daga baya kaɗan.

Da farko dai, kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wa ke nan da bai yi tashe ba yana yaro? Azumi ya kai kwana 10, sai ka ga yaro ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, yana tafiya da ƙyar kamar tsoho, mutane suna dariya suna ba shi hatsi. A nan Damagaram muna da wasan kara, inda samari ke ƙera bindiga da tabarau da mota da karan hatsi, wannan ya zama sarki, wancan ya zama kwamanda, su yi ta kwaikwayon manya, manyan kuwa suna zaune suna kallo. Akwai ƴan kama masu kwaikwayon malamai, amma karatunsu duk na tuwo da miya ne. Kakarmu ma in tana tatsuniya, muryar Gizo daban, muryar Ƙoƙi daban. Duk wannan kwaikwayo ne. Kakanninmu sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, kuma ta wannan hanya talaka ya daɗe yana gaya wa mai mulki gaskiya ba a kama shi ba.

Na lakwal kuwa daga baya ya zo. A shekarun 1930 ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikata na ƙasashenmu, suka fara tsara wasanni da Faransanci, suka dawo gida da wannan al'ada. Ɗan Damagaram André Salifou ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimu, aka buga shi a Faransa. Amma wannan na masu jin Faransanci ne. Abin da ya kai wasan kwaikwayo ƙauye shi ne samariya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, aka farfaɗo da samariya a kowane gari da kowace unguwa, daga 1976 kuma aka fara bikin matasa na ƙasa. A lokacin jihohi 7 ne. Sai a yi gasa tun daga ƙasa, wanda ya ci ya hau gaba, har a fitar da ƙungiya guda da za ta wakilci jiha. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda ake cika maƙil gaban telebijin in an ce yau Yazi Dogo da mutanensa ne za su yi wasa. Shi ma malamin lakwal ne. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna da ƙungiyoyin wasan Nijar, ta rubuta littafi a kansu a 1987, inda ta nuna cewa wasanninmu na Hausa ba a rubuce ake haddace su ba, a baki ake gina su, kowa ya san inda labari ya dosa, sannan ya kawo maganarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, wasannin wancan zamani sau da yawa saƙon gwamnati suke ɗauke da shi, kuma akwai abin da ba ka isa ka taɓa ba. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya irin ta da ta watse. Yaranmu na yau ba su gan ta ba. Abin da suka sani shi ne fim ɗin Kano da na Indiya a cikin waya, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon nasa. Da suka ce suna son su tsaya da ƙafarsu su yi nasu a dandalin garinsu, ni dai na yi murna.

Wani zai ce ai ba su taɓa yi ba, ina za su iya? To, ƴan'uwa na Abijan, ku saurara. Oumarou Ganda ɗan ci-rani ne kamarku. Bayan ya dawo daga yaƙin Indoshin yana aikin ƙarfi a tashar jiragen ruwa ta Abijan, sai Bafaranshe Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin da ya fito a 1958. Bai taɓa zuwa makarantar wasa ba. Daga baya shi da kansa ya riƙa shirya fim, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981, gidan al'adu na Yamai kuma sunansa yake ɗauke da shi. Ban ce yaranmu za su zama Ganda ba. Na ce dai kowa da ranar da ya fara.

To in haka ne, mene ne amfanin horo? Ba sai a bar su su yi ba? A nan zan ba ku labarin kaina, ko da yake akwai kunya a ciki, wasu dattawa a nan ma sun san shi. Ina saurayi a samariya aka ba ni in fito a matsayin mai awon hatsi da ke cutar mutane. Ba wanda ya koya mini komai. Sai na je na ɗauko wani mutum na kasuwarmu sukutum, tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake dafa tiya da babban yatsa. Ina fitowa dandali ya ɗauki ihu, ana kiran sunansa. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ƙara gishiri. Ban lura ba ashe ƴarsa tana cikin ƴan kallo, ta tashi tana kuka. Washegari mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sa ni gaba da ƙwaryar goro muka je ba da haƙuri. Mutumin ya karɓi goro, amma gidansa da gidanmu sun shekara biyu ba gaisuwar kirki. Abin da ya fi damuna har yau, masu awo da yawa suna wannan hali, amma da na nuna mutum guda, sauran duk suka tsira, suna cikin masu dariya. Ran nan na gane hali ake kwaikwayo, ba mutum ba. Wannan ita ce doka ta farko da za mu koya wa yaran nan, kuma da an koya mini ita da ban ɓata wa kowa rai ba.

Yanzu ga yadda muka tsara kwanakin. Za mu ɗauki mutum 24, maza da mata, daga mai shekara 18 zuwa mai 30. Ba ruwanmu da ko ka yi lakwal ko ba ka yi ba, tunda ba karatu za a yi ba. Lokaci kuwa bayan an gama ɗaurin hatsi an sa a rumbu, kafin samari su kama hanya. Za a fara da hantsi a tashi kafin azahar, a dawo bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ba zaman dare.

Kwana biyun farko na cire kunya ne da sakin jiki. Mai sabon farawa in ya ga idon jama'a sai ƙafarsa ta yi nauyi, hannunsa ya rasa wurin zama, ya kama sosa ƙeya. Maganin wannan shi ne a yi da'ira, kowa ya shiga tsakiya ya faɗi sunansa da ƙarfi ya koma. Sai a zaga fili ana sauya tafiya: tafiyar mai ɗauke da tulu, ta wanda ƙaya ta soka, ta wanda ya hango mai binsa bashi. Akwai kuma wasan madubi, mutum biyu su fuskanci juna, namiji da namiji, mace da mace, ɗaya yana motsi a hankali, ɗaya yana binsa daidai. Kamar shirme ne a ido, amma a nan yaro ke koyon kallon abokin wasansa, ya daina tunanin kansa.

Kwana na uku na numfashi ne da murya. Ba mu da lasifika, dandalinmu kuma fili ne, iska tana kwashe magana. Wanda bai iya ba sai ya yi ta ihu daga maƙogwaro, kafin a kai rabin wasa murya ta dushe. Wanda ya iya daga ciki yake jan numfashi, kamar yadda ladani ke yi, ko mai roƙo. Za a sa yaro ya ɗora hannu a cikinsa ya ji yana kumbura in ya ja iska. Sai a tsayar da abokinsa taki 30 daga nesa, ya yi masa magana ba ihu ba, har sai abokin ya maimaita abin da ya ji daidai. Za a yi kuma maganganun karya harshe irin na yara, don baki ya saba fitar da kowane harafi.

Kwana na huɗu za mu sa ya faɗo ranar kasuwa. Ba wasa ran nan. Kowa zai tafi ya zauna ya yi kallo. Yaya dillali ke riƙe hannun mai saye a ƙarƙashin riga? Yaya mai fura ke zama? Yaya wanda ya zo sayar da akuyarsa ta ƙarshe ke tsayuwa? Da yamma kowa ya kawo abin da ya gani. A nan ne za mu aiwatar da dokar da na faɗa: a ɗauki tafiyar wannan, a haɗa da muryar wancan, a sa masa hular wani, har a sami mutumin da kowa ya san irinsa amma ba wanda zai ce wane ne.

Kwana na biyar da na shida su ne zuciyar aikin, wato yin wasa nan take ba shiri. Za a kira mutum biyu a ce: kai ɗa ne, kana son kuɗin mota zuwa Agadas, kai kuma uba ne, buhun wake guda ya rage maka. Ku fara. Kafin kowa ya buɗe baki sai ya amsa tambaya uku a ransa: wane ne ni, me nake so, me ya tare mini hanya. In ba abin da mutum ke so, ba wasa, hira ce kawai. Dokoki biyu ke nan kuma. Ta ɗaya, ka saurara kafin ka amsa, domin sabon ɗan wasa yakan shagala da shirya abin dariyar da zai faɗa, har bai ji abin da aka ce masa ba. Ta biyu, kada ka ƙaryata abokinka. In ya ce ga jakinka ya shiga gonata, kada ka ce ba ni da jaki, sai wasa ya mutu nan take. Ka ce ai jakin ya fi ka sanin iyakar gonar, sai magana ta yi gaba.

Kwana na bakwai za a zauna a zaɓi labari guda. Su za su zaɓa, ba ni ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai a yanka labarin fitowa-fitowa, kamar 6 ko 7, a rubuta ƙashinsa kawai a kaye: wa ya shigo, me ya faru, wace magana ce in an faɗe ta za a fita. Sauran a baki yake, yadda magabatanmu na samariya suka yi. Kada wasan ya wuce awa guda.

Kwana na takwas da na tara na gwaji ne, a yi a sake, a yi a sake. A nan ake gyara ƙananan abubuwan da ke ɓata wasa: ba da baya ga jama'a, mutum uku su yi magana lokaci guda, ɗan wasa ya fashe da dariyar kansa, ko a ci gaba da magana jama'a suna tsakar dariya har ba a ji ba. Kayan wasa kuwa ba saye za a yi ba. Tabarma, turmi, buta, tsohuwar riga, zana biyu a kafa a baya don masu jiran fitowa, sun isa. Akwai kuma aikin waɗanda ba za su fito ba, mai kula da kaya, mai kula da fitila, mai tsare yara kada su cika fili. Yaron da kunya ta hana shi magana yana da wurinsa a nan. Da yammacin kwana na tara za mu yi wasan gaban Maigari da Malam da dattawa su kaɗai. In kun ga an taɓa mutuncin wani gida, ku faɗa a cire. Amma ina roƙo, in gaskiya ce mai ɗaci wadda ba ta kama sunan kowa ba, ku bar ta.

Kwana na goma a fito dandali. Akwai kuma wani abu da nake so mu gwada. Wani mutumin Barazil, Augusto Boal, ya fito da wata hanya, wadda Prosper Kompaoré da ƙungiyarsa da ya kafa a Wagadugu a 1978 suka yaɗa a ƙauyukan Burkina. In wasa ya kai inda abu ya lalace sai a tsaya, a tambayi jama'a: wa ke da wata dabara? Wanda ya ce yana da ita ba daga zaune zai faɗa ba, sai ya taso ya karɓi matsayin uban nan ko ɗan nan ya gwada, ƴan wasa kuma su amsa masa yadda mutane ke amsawa a zahiri. Nan ake gane shawara a baki da sauƙi take.

Yanzu in koma ga maganganun nan uku. Mai cewa wasan banza ne, ina tuna masa watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, kuma yawancinsu daga ƙasar Kance suke, nan kusa da mu. Tun daga lokacin an yi wa'azi, an yi jawabi, hukuma ta yi magana, amma tafiya ba ta tsaya ba. Ni ban ce wasa zai tsayar da ita ba, don yunwa da rashi ke korar mutum daga gida. Amma akwai maganar da ɗa ba ya iya gaya wa ubansa, mace ba ta iya gaya wa mijinta. Ku ƴan ci-rani kun san abin da kuka gani a hanya, amma in kun dawo sabuwar riga da rediyo kawai ƙannenku ke gani, ba ku faɗin daren da kuka kwana da yunwa. In aka sa wannan a wasa, kowa zai ji ba tare da an kunyata kowa ba. Haka maganar tsadar aure, da ƙwayar tramol da ke cin samari, da rikicin gona da makiyaya, da saran gawo a gonar wani. Gani ya kori ji.

Mai tsoron ƴarsa kuwa, ban ga laifinsa ba, ni ma uba ne. Ba yarinyar da za ta shiga sai da yardar iyayenta, matar aure kuma sai da yardar mijinta. Dattijai mata biyu za su zauna tare da mu tun daga fari har ƙarshe, ku za ku zaɓe su. Ba taɓa jiki tsakanin namiji da mace, ko a gwaji ko a dandali. A zamaninmu in an rasa mata sai namiji ya ɗaura zane da kallabi. Ana dariya ƙwarai, amma dariyar zanen ake yi, ba a jin maganar. Abin da ke damun mata, mace ce za ta faɗe shi a saurara.

Saura maganar kuɗi. Ni ba na karɓar ko dala. Abin da ake bukata shi ne abincin rana na kwana 10, da kuɗin mota da masaukin mutum guda da za mu gayyato daga Zindar wanda ya fi ni sanin aikin murya, da batir na fitila. Ba mu ce a taɓa kuɗin rijiya ko na gyaran aji ba. Shawarata ita ce kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ba da jika guda, na gida kuma ya ba da tiyar hatsi ko ta wake. Ma'aji zai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a buga a wannan takarda tamu kowa ya gani. In an yi saura a mayar asusu.

Abin da za ku samu kuwa ya wuce daren wasa. Yau in baƙo ya zo daga hukuma, ko ana rabon wani abu, mutum nawa ne cikin samarinmu ke iya tashi ya yi bayani a fili, ba rawar murya, ba zagi? Wanda ya koyi tsayuwa gaban mutum 300, ya koyi sauraro kafin amsa, ya koyi zuwa a kan lokaci don kada ya ɓata wa mutum 23 aiki, wannan ko Legas ya tafi ba za a taka shi da sauƙi ba. In kuma ya zauna gida, gobe shi ne magatakardan ƙungiyar nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranka ya daɗe, abin da muke nema gare ka shi ne izini da fili. Allah gafarta Malam, muna neman addu'a, da kuma gyara in ka ga mun kauce. Iyaye, ku ba mu aron ƴaƴanku kwana 10. In kun zo kun gani bai yi muku ba, ku faɗa mini a gaban jama'a kamar yadda na yi magana a gaban jama'a, ba za a sake ba.

Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

(Sanarwar biro: wanda ke son a rubuta sunan ɗansa ko ƴarsa ya ga magatakarda. Ƴan'uwa na waje su ba wakilin garin da suke gudummawarsu, shi zai aiko wa ma'aji.)